Takobin Yaya Ya Je Gaisuwa

Mu a ƙauyenmu, can tsakanin Bakori da Gozaki, manoma ne tun kakanni, dawa da auduga muka sani. Amma akwai wata cuta da ta kama wasunmu, ni kuwa ta fi yi mini mugun kamu, wato son takobi. Ba yaƙi muke zuwa ba. Ni tun da nake ban taɓa saran ko akuya da nawa ba, in an yi kururuwar mahara ma ni ne na farko wajen faɗawa cikin ganuwa. Kallo ne kawai, da shafawa, da gardama. Da an gama kaka an cika rumbuna, ranar kasuwar Bakori sai ka gan mu mun rataya takubba mun nufi gindin wata tsamiya da ke bayan rumfunan maƙera, kowa yana buɗa kafaɗa. Mai ɗakina kan raka ni bakin ƙofa ta ce, "A sauka lafiya, barde. Allah ya tsare kabewar mutane."

Shugaban zaman wani tsoho ne da kowa ke kira Baba. Shi kaɗai ne a cikinmu ya taɓa ganin yaƙi da idonsa, yana da tabo a kafaɗa da yake nunawa ko ba a tambaye shi ba. Ya kuma yi fatauci da ƙuruciya, ya je Agadas, ya je Borno, takubban da suka ratsa hannunsa ba su ƙirguwa. Nasa ƙirar Nasara ne, a ƙasar Turai aka ƙera ruwansa, wato ƙarfen, ya ƙetaro hamada a bayan raƙumi, maƙeranmu suka sa masa ƙota, dukawa suka ɗinka masa jan kube. Miƙaƙƙe ne, kaifi biyu, ga tambarin wata guda biyu masu fuskar mutum kusa da ƙota. Duk cikinmu ba wanda ya taɓa ganin Banasare, har shi Baban, amma mukan wuni muna rantsuwa a kan yadda suke haɗa ƙarfe, wani ya ce da madara suke kashe zafinsa, wani ya ce ƙarya ne, da ƙanƙara ne.

Muna da al'ada guda da ba a tsallake ta. Duk takobin da ya zo gindin tsamiya karo na farko, sai ya gai da Baba. Akan kife turmi, a kafa tsinin takobin a gindinsa, Baba ya dafa ƙota ya danna har ruwan ya rusuna. In ya saki takobin ya miƙe sak kamar yadda yake da, to ɗa ne, sai a ba mai shi wuri a tabarma. In kuwa ya tsaya a karkace, ƙarfen fartanya ne, sai a yi wa mai shi ihu. Nawa wani maƙerin Malumfashi ya ƙera shi, ya gai da Baba ya tashi da ɗan doro, na taka shi da ƙafa na miƙar, tun daga nan ake ce masa mai ciwon baya. Ban fasa zuwa da shi ba.

Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ba ya cikin wannan hauka. Mutum ne mai sanyin magana, daga gona sai allonsa. Ina sabon aure ya ɗaure kayansa ya bi ayarin gabas a ƙasa da niyyar Makka, bai dawo ba sai da 'yata ta fari ta isa goyon ƙannenta. Mun riga mun fid da rai. Ya dawo a rame, ya yi baƙi, haƙoransa na gaba sun zube, ranar na yi kuka na yi dariya har na rasa wanda nake yi a ciki.

To amma a wancan zamani da yawa kan tafi su maƙale a hanya, a Wadai ko gaba kaɗan, su yi 'yan shekaru suna ƙwadago, su juyo su ce sun sauke farali. Kowa ya san da haka. Yaya kuma bai taimaki kansa ba, don da aka taru yi masa barka da zuwa sai ya fara da labarin wani jirgin ruwa da ake ciyar da shi wuta, yana fitar da hayaƙi, ya fi unguwarmu girma, yana tafiya a kan ruwan gishiri ba mai tuƙa shi da sanda. Baba yana wurin. Ya gyara zama ya ce, "Malam, a Wadai aka ba ka wanga labari, ko kai ka haɗa shi a hanya?" Aka fashe da dariya. Daga ranar Baba bai taɓa ce masa Alhaji ba, sai Malam matafiyi, kuma sunan da Baba ya sa wa mutum shi gari ke bi. Yaya ya daina ba da labari, ya daina zuwa kasuwa, a masallaci ma sahun baya yake tsayawa, da an sallame ya fice. Abin ya ci masa rai, ni ma ya ci mini. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar Ɗakin Allah, ya dawo a mai da shi maƙaryaci a garin ubansa.

Ana nan, wata rana da hantsi ina taya shi gyaran jinkar ɗakinsa, na cusa hannu cikin rufin na ciro wani dogon ƙunshi naɗe da tsumma.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ya ce, "Af, takobi ne. Ajiye shi can, miƙo mini igiya."

Takobi! Mutum yana kwana da takobi a kansa, ƙaninsa kuwa ni ne, amma bai taɓa faɗa ba! Na diro daga kan jinkar ban ma san na diro ba. Na warware tsumman. Kuben na itace ne, baƙi, mai santsi, ina ganin fuskata a jikinsa. Ƙotar doguwa ce, hannu biyu suna zama a kanta har da saura, an naɗe ta da zare a kan wata fata mai ƙurji-ƙurji. Na zare a hankali. Ruwan yana da ɗan lanƙwasa kaɗan, kaifi ɗaya ne, bayansa mai kauri, sannan daga gindi har tsini akwai wani farin zane yana bin kaifin yana hawa yana sauka, irin shatar da ruwa ke bari a yashin rafi. Na ɗora shi a dantsena, ban ko danna ba gashin ya zube.

Sai da na matsa wa Yaya sannan ya ba ni labarin, yana yi yana kallon ƙasa. Ya ce a Jidda ne, yana jiran jirgin dawowa, ya yi jinyar wani ma'aikacin jirgi da zazzaɓi ya kayar, wani gajere mai ƙananan idanu wanda Larabcinsa bai wuce na neman ruwa ba. Da mutumin ya tashi sai ya ba shi takobin. Yaya ya ce an gaya masa na ƙasar mutumin ne, wani tsibiri can gaba da Sin, Larabawa suna ce masa Yaban.

Na ce, "Yaya, ka kuwa faɗa wa wani?"

Ya ce, "Jirgi ma an ce ƙarya ne, balle ƙasar da ke gaba da Sin."

Ban tsaya jin sauran ba. Na shiga tsakar gida da takobin nan kamar an sa mini barkono. Na sari karan dawa, ya rabu. Na jefa kabewa sama na tare ta, ta faɗo gida biyu. Na kai wa iska sara, ashe igiyar shanya tana wurin, zannuwan mai ɗakina suka zubo cikin toka. Kaji suka watse, 'ya'yana suka hau katanga suna yi mini kirari, ita kuwa ta fito da muciya tana tambayar wanda ya ba mahaukaci wuƙa. Ni dariya kawai nake yi, don wata dabara ta faɗo mini. Baba ya san ƙirar Masar, ya san ta Borno, ya san ta Buzaye da ta Nasara. In Baba ya riƙe wannan ya ce bai san shi ba, wa zai sake cewa Yaya a Wadai ya tsaya?

Yaya ya ƙi da farko. Na bi shi gona, na bi shi rijiya, na bi shi har bakin masallaci, sai da ya gaji ya ce to, amma shi ba zai yi magana ba. Na ce ya bar mini magana, ina da ta mutum biyu. Kafin ranar kasuwa kuwa ba wanda ban tsayar a hanya na faɗa wa ba, har matan da ke dawowa daga itace.

Ranar gindin tsamiya ya cika, maƙera ma suka bar zuga-zugi suka zo. Yaya ya sa farar rigarsa ya zauna can gefen tabarma, hannuwansa a kan gwiwa. Na shimfiɗa buzu, Baba ya ɗora nasa, na ɗora na Yaya kusa da shi, na ja da baya ina ji kamar ni na ƙera shi. Nan take gardama ta ɓarke. Masu bayan na Nasara suka ce kaifi biyu ya fi, in ɗaya ya dakushe ka juya ɗaya. Na ce wanda ya iya sara sau ɗaya yake yi. Suka ce takobin hannu biyu, da me za ka riƙe garkuwa, da haƙori? Akwai wani maƙwabcinmu Bamaguje, Sarkin Noma muke ce masa, ƙato ne mai son raha, ya ɗaga na Yaya ya jinjina ya ce, "Mutanen nan manoma ne, wallahi. Ku dubi ƙotar, ta garma ce." Aka yi ta dariya, har Yaya na ga ya murmusa.

Baba ya ce a kawo zana. Aka jiƙa zana biyu aka naɗe kowace tam, aka tsayar. Baba ya miƙe, ya nuna tabonsa tukuna, sannan ya kai wa ta farko sara. Takobin ya shiga ya ci fiye da rabi ya tsaya, kuma ga tsoho wannan ba ƙaramin sara ba ne, aka yi masa shewa. Sai ni. Na kama ƙotar da hannu biyu, na tattara ƙarfin dawar da na ci tun yarinta, na rufe ido na sauke. Ban ji na taɓa komai ba. Ƙarfin saran ya kwashe ni na yi juyi na faɗa jikin Sarkin Noma, na ɗauka kuskure na yi, sai da na waiwaya na ga saman zanar yana zamewa a hankali ya faɗi. Kai! Na yi ihu, na yi tsalle, hulata ta tafi ban nemi inda ta faɗa ba. Na rungumi wani mai sayar da daddawa da ban taɓa gani ba.

Baba ya bari aka lafa, sannan ya taɓe baki ya ce, "Shina da kaifi, ban hana ba. Aska ma tana da kaifi. Wanga lanƙwasa irin ta Masar ce, kuma kayan Masar har Wadai suna zuwa." Ya faɗi Wadai ɗin yana kallon Yaya. "A kawo turmi, shi gaishe ni."

Ni ko a jikina. Takobin da ya yi wa zana haka, gaisuwa ce za ta gagare shi? Da kaina na mirgino turmin na kife. Baba ya fara da nasa don baƙo ya ga yadda ake yi. Ya kafa tsini ya danna, ruwan ya rusuna har ya kusa zama baka, ya saki, ya miƙe yana rawa yana wani ɗan kuka siriri. Gaskiya ko ni da nake gaba da shi a ranar sai da tsigar jikina ta tashi. Takobi ne na gaske.

Sai ya ɗauki na Yaya ya kafa ya danna. Bai motsa ba. Ya ƙara nauyi, ko gezau. Na ce, "Baba, ɗan sarauta ne, ba ya rusuna wa kowa!" Aka yi dariya, Baba ya ji haushi, ya yafito Sarkin Noma ya ce ya sa masa hannu. Ƙaton nan ya ɗora tafinsa a kan na Baba suka danna tare. Ruwan ya ba da kai ta gefe, a hankali, ya lanƙwashe daga tsakiya. Suka saki. Muka jira ya tashi. Bai tashi ba.

Sai wani daga baya ya ce, "Ƙarfen fartanya!" Ihu ya tashi, irin wanda aka yi wa nawa, har ya fi. Na dubi Yaya, ya sunkuyar da kai yana lalubar takalmansa da ƙafa, yana shirin tashi. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na wannan lokaci ba, na ji kamar in ɗauke shi in ruga da shi gida.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, shi ne Baba. Ya ɗauki takobin ya juya shi, ya kai shi kusa da ido, ya bi farin zanen da babban yatsa. Ya ɗora kaifin a ƙafarsa daidai inda ya lanƙwashe, furfurar ƙwaurinsa ta zube. Ya daka wa mutane tsawa suka yi shiru, ya ce wa wani maƙeri ya ba shi magagari. Ya goga a bayan takobin, magagarin ya ci, garin ƙarfe ya zubo. Ya goga a kaifin, magagarin ya zame, ko alama bai bari ba. Ya sake, ya zame. Ya zauna a kan turmin da takobin a cinyarsa.

Can ya ce, "Ƙarfen da ke kwanciya ba shi aski. Wanda ke aski kuwa, ko shi tashi ko shi karye, haka na sani tun ina yaro. Wanga ya kwanta kuma shina aski. Bayansa taushi, bakinsa ya fi magagari tauri, ƙarfe biyu ne a jiki ɗaya, kuma ban ga inda aka haɗa ba." Ya girgiza kai. "Na riƙe na Masar, na riƙe na Borno, na riƙe na Wadai ɗin ma. Ba mai wanga aiki daga nan har bakin ruwan gishiri. Ba a yi shi don gaisuwa ba, mu ne muka sa shi abin da ba a sa shi a garinsu."

Ya miƙe, ya ratsa mutane ya je gaban Yaya, wanda ya riga ya sa takalmi ɗaya. Ya miƙa masa takobin da hannu biyu ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, na ɓata maka kaya."

Yaya ya ɗago. Mutumin nan da ban taɓa sanin yana da ƙeta ba ya sa hannu a bayan kunne ya ce, "Mi ka ce, Baba? Hayaniya ta yi yawa."

Baba ya harare shi, ya san sarai ya ji. Ya juya ya fuskanci kasuwa, ya buɗe murya irin ta fagen fama ya ce, "Na ce Alhaji shi yi haƙuri!"

Abin da na yi bayan nan wasu ne suka ba ni labari. An ce na hau turmi na yi rawa, an ce na sumbaci Sarkin Noma a ƙeya. Abin da na riƙe shi ne Yaya yana dariya da bakinsa mai giɓi, hawaye na bin gemunsa, mutane suna ta matsowa suna ba shi hannu, mai daddawan nan yana tambayarsa ko jirgin da gaske wuta yake ci.

Da la'asar muka kamo hanyar gida. Takobin ya ƙi shiga kubensa, don haka ni na riƙe kuben, Yaya ya saɓa takobin a kafaɗa tsirara, a karkace, duk wanda muka gamu da shi sai ya tsaya ya gaishe shi da kyau. Ni kuwa da murnar ta ɗan sauka sai karkacewar ta fara yi mini ciwo a ido, don ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba, ban kuma sake gani ba. Na ce, "Yaya, gobe in kai shi Malumfashi wajen maƙerina, a hankali zai miƙar da shi, ba wanda zai gane."

Ya sauya masa kafaɗa, ya mai da shi can nesa da ni, ya ce, "Wanda ya miƙar mini da shi, ni da shi ne."